Akuyar Rukunin Acacia

Wata takwas na yi ina zaman kwamitin masu gidaje na rukunin gidajenmu a garin Centurion, ina cin busasshen biskit, ina sauraron musu a kan kalar fenti da kashin kare. Duk saboda akuya ɗaya. Ɗiyata Khanyisa ta shekara uku ba a gabatar da ita ga kakanninmu da suka riga mu gidan gaskiya ba, kuma a wurinmu 'yan ƙabilar Xhosa sai an yanka akuya a gidan uban yarinya. Doka ta sha huɗu ta rukunin kuwa ta hana zubar da jini ko na kaza ne.

Na shiga na fita don a sassauta dokar, na yabi furannin mutanen da ko ganinsu ba na so, har ƙuri'a ta rage ta Tannie Hettie, dattijuwar maƙwabciyata, wadda ko tari ka yi sai ta rubuta ƙorafi.

"Siviwe, ɗana, ni ba jinin ne damuwata ba, ihun ne," in ji ta.

"Ai wannan mai sauƙi ne, Tannie," na ce. Da hannuna na ƙara a dokar: a yanka a bayan gida, ba tare da an ji sauti ba. Duk wanda ya saɓa ya sauka daga kwamiti. Na dawo gida ina jin kaina wani shege.

Ran Asabar Baffa Zwelandile, ƙanen mahaifina, ya iso daga ƙauye, ya tarar na ɗaure bakin akuya da tsohuwar safa.

"Wannan fa? Ciwon haƙori take yi?"

Na yi masa bayanin doka. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai, birni ya cinye maka ƙwaƙwalwa! In akuya ba ta yi kuka ba, kakanni ba su karɓi yarinya ba. Duk yankan da aka yi a gabanka me kake kallo?"

Nama nake kallo, gaskiya. Kunya ta rufe ni. Ga Hettie can ta leƙo ta kan katanga, waya a hannu. Ga Khanyisa a jikin uwarta, an shafa mata farar ƙasa.

Na kwance safar. Baffa ya taɓa cikin akuya da mashi, ja'ira ta yi gum. Ya sake, shiru.

"Har ita ta karanta dokar taka," ya ce.

Na durƙusa gaban akuya, ni ɗan kwamiti guda. "Don Allah, baiwar Allah, ki rufa mini asiri."

Sai ta kwarma ihun da ya tashi karnukan rukunin kaf. Mata suka rangaɗa guɗa. Baffa ya ɗaga Khanyisa sama, ya kira ta da sunan zuri'armu, da muryar da ta yi kama da ta mahaifina. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba.

Ran Litinin suka sauke ni. A takardar ƙorafinta Hettie ta rubuta cewa dabbobi biyu ta ji suna kuka, ta biyun ma ta fi ƙara.