Furar Batula a Gindin Tsamiya

Duk Kurfi an san Malam Audi da abu biyu: tuƙi da sanin abinci. Shekara talatin ya yi yana jigila da mota tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kuma babu mai masa ko mai balangu a garin nan da bai san sunanta ko sunansa ba. In ya fara yabon kifin bakin dam, wallahi ko ka ƙoshi sai yawunka ya tsinke.

To, wannan mutumin ne ya daina cin abinci.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi da damina, ƙafar dama ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda, baki ma ya saki. Hannun dama ne ya ƙi, yatsun suka dunƙule wuri guda. 'Yarsa Hafiza ta kai tuwo, ya ce miya ba gishiri. Ta ƙara gishiri, ya ce ya yi yawa. Ta ɗauko cokali za ta ba shi a baki, ya ce, "Ke, jariri kika mai da ni?" Sai ɗan koko da yake kurɓa in ɗaki ya watse. Sati uku, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, yunwa za ta riga ciwon gamawa da shi.

Ƙanensa Sabitu, manomi ne mai shekara hamsin da ɗoriya, shi abin ya fi tsaya wa a rai. Audi ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, kuma tsoro yake ji ƙwarai kada ya rasa shi. Ya yi ta tunani har ya yanke cewa girkin gida ne ya gundure shi. Mutumin da ya saba da ɗanɗanon gari guda, a tsare shi da tuwon dawa safe da yamma?

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ya aro motar maƙwabci. Audi ya sa babbar rigarsa shuɗiya, wadda yanzu ta yi masa yawa, suka kama hanya da hantsi. Gero ya yi kai a gonaki, shanu na ketare titi a natse. Da dutsen garin ya bayyana daga nesa, Audi ya gyara zama, ya fara nuna wurare da haɓa.

Suka fara da mai masar tasha. Ta yi murna, ta zubo masu zafi, ta yayyafa ƙuli. Audi ya tambaye ta yara, ya yaba ƙamshin, ya ce bai daɗe da karyawa ba. Ƙarya ce tsagwaronta, Sabitu ya sani, amma ya haɗiye.

Daga nan suka taka a hankali ta ƙarƙashin itatuwan bedi, Audi na tsayawa duk taku goma ana gaisawa. Ya nuna inda tsohuwar tasha take, da masallacin da yakan yi azahar, da rumfar da ya taɓa cin balangun da har yau bai ci irinsa ba. Suka je bakin dam. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwa, mata na soya kifi a manyan kasake. Sabitu ya sayi mafi girma, ya ɓare, ya zare ƙaya, ya ajiye gaban yayansa. Ya ga maƙogwaron Audi ya motsa sarai. Amma sai Audi ya kau da kai yana kallon masu wanki.

"Yaya, don girman Allah, ko loma ɗaya."

"Man ya tsufa. Ba ka ji warinsa ba?"

Haushi ya kama Sabitu har ya ji kamar ya wurga kifin cikin ruwa. Ya naɗe shi a takarda. Har sabon gidan abincin nan na hanyar jami'a ya kai shi, mai fanka da kujerun roba. Audi ya leƙa, ya ce shi ba ɗalibi ba ne.

Bayan azahar dabara ta ƙare wa Sabitu. Audi da kansa ya ce su biya gindin tsamiya ya gaida Batula. Bafillatana ce daga wajen Barkiya, ta tsufa a kan ƙwaryar furarta, kuma sun shekara ashirin suna tsokanar juna.

"Kai, Audi direba! Wa ya sace maka tumbi?"

"Nononki ne da kike tsuga wa ruwa, Batula, shi ya ramar da ni."

Ta yi dariya, ta dama fura mai kauri a ƙaramar ƙwarya, ta ɗora ludayi, ta ajiye kan benci. Audi ya kalli ƙwaryar, ya kalli ƙasa. Batula ta dube shi, ta dubi hannun rigar da ke lulluɓe da damansa. Sai ta yafito Sabitu gefe kamar za ta ba shi saƙo.

"Malam Sabitu, yawo kake da shi tun safe?"

"Tun hantsi, Inna. Komai ya ce ba daɗi."

"Daɗi? Yo da wane hannu kake so ya ɗauka?"

"Ai liman ya faɗa mashi lalura ce, ya ci da hagu ba laifi."

"Liman ya faɗa. Kai ka taɓa ganin Audi ya kai hagu baki? Nan wurin ya sha ƙwace ludayi a hannun yaran mota masu sha da hagu."

Sabitu ya tsaya cak. Shi fa bahago aka haife shi. Yana ɗan shekara biyar Audi ke ɗaure masa hannun hagu da tsumma a bayansa duk lokacin cin tuwo, yana kuka yana koyon loma da dama, har ya iya. Mutumin da ya yi wannan, yaya za a yi ya ci da hagu, a gaban Sabitu kuwa? Kunya ta rufe shi. Sati uku yana zargin gishirin Hafiza, yau kuma ya yini yana azabtar da mai yunwa da ƙamshi.

Ya koma ya zauna a damar Audi, ya matsa har kafaɗunsu suka haɗu. Ya ɗauki ludayin ya zura mariƙinsa tsakanin dunƙulallun yatsun nan, suka riƙe shi gam. Sannan ya cusa hannunsa ta ƙarƙashin babbar rigar, ya tallabo gwiwar hannun, ya zarce ya kama tsintsiyar hannun.

"Me kake yi haka?" in ji Audi ƙasa-ƙasa.

"Ka yi bisimilla, Yaya. Hannunka ne, ba na kowa ba."

Ludayin ya nutse cikin fura, ya taso yana rawa, rabi ya zube a riga. Batula ta juya baya tana ta faman jera faifai, ta kuma kori wani mai saye da hira. Na biyu ya isa baki. Audi ya rufe ido ya haɗiye. Na uku, na huɗu, har ludayi ya fara karo da gindin ƙwarya.

Can Audi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da wanne kake ɗaga ni?"

"Da wanda ka ɗaure, Yaya."

Hawaye ya gangaro ya shige gemun Audi, bai share ba. Sannan ya gyara murya.

"Batula, furar nan ta yi tsami, amma ƙaro. Kai kuma, ina kifin nan da ka naɗe?"