Kifin Ximena a Tarago

A ɗan kamfanin su Ximena da ke kan tudun birnin Valparaíso akwai doka guda: duk shafin intanet da aka gina, sai an shiga da shi taragon da ke hawa tudu, a tsohuwar wayar ofis mai tsagaggen gilashi. In bai buɗe ba kafin tarago ya kai sama, aikin ya koma hannun wani.

Ximena ce ta gina wa masuntan bakin teku shafin tallar kamun safe, aikinta na farko ita kaɗai. Ta loda masa laburare iri-iri, wato lambobin aro da wasu suka riga suka rubuta. A kwamfutarta kifaye na iyo, ruwa na walƙiya, abin sai wanda ya gani.

A tarago kuwa shafin fari fat. Har suka kai sama wayar na ta juya 'yar da'irarta ta jira.

"Kifinki ya nutse, ƙanwata," in ji Hernán, abokin aikinta, yana cin empanada, wato fanke mai nama a ciki, yana dariya. "Wa ya ce ki ɗora wa jaki firji? Gobe in ya sake, nawa ne."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta zauna tana cire kayan aron ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta yi tsaki. Ruwan ya tafi, walƙiyar ta tafi. Kifi ɗaya ta bari, ta rubuta masa 'yan layuka da hannunta, irin waɗanda ko manhajar buɗe shafi ta zamanin da za ta gane. Ba ya iyo, jela kawai yake kaɗawa.

Washegari ƙofar tarago ba ta gama rufuwa ba shafin ya buɗe.

"Ƙarya ne!" in ji Hernán. "Sake."

Ta sake. Wata dattijuwa mai kwando ta leƙo ta kafaɗarta.

"'Yata, kifin merluza ne ya iso? Sa min a tawa wayar."

Wayar dattijuwar ta girmi ta ofis, da roba ma aka ɗaure ta. Ximena ta rubuta adireshin. Sai ga kifin yana kaɗa jela.

"Ji ɗan banza, har da rawa!" Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya. Da suka kai sama ta ƙi fita, ta ce a mai da ita ƙasa bakin teku ta saya kafin kifin ya ƙare.