Kibiyar da ke kan takarda

Kwangilata ta farko ce: shimfiɗa ciyawar roba a farfajiyar wani sabon rukunin shaguna mai hawa biyu, wanda warin fenti bai bar shi ba tukuna. Tun ranar da muka fara na tara ma'aikatana uku na gaya musu cewa ban yarda da "ba komai" ba, ban yarda da "a haka ma ya yi" ba. Waɗannan kalmomi su suka cika gari da tagogi karkatattu da matakala masu tuntuɓe, kowa yana gani yana wucewa.

Na huɗunsu mahaifina ne. Shekara talatin yana shimfiɗa kafet a masallatai, har gwiwoyinsa suka fara ƙara, masu kiransa suka koma wajen matasa. Wata takwas ya yi a gida yana gyara rediyon da bai lalace ba. Mama ce ta ja ni kicin ta ce in ɗauke shi aiki ko na mako guda ne, domin zaman nan yana cinye shi. Da safiyar da ya saka tsohuwar rigar aikinsa, har waƙa na ji yana yi a banɗaki.

Ciyawar roba tana da kwanciya, kamar gashin kyanwa. In ba a jera ta fuska ɗaya ba, sai ta fito kala biyu. Shi ya sa na zana farfajiyar a takarda, na ja kibiya daga titi zuwa ƙofar gini, na miƙa wa Baba, na tafi karɓo sauran gam.

Da na dawo da azahar, sun manna layi uku. Haɗin ya yi kyau har sai ka durƙusa kafin ka ga inda yanka yake. Amma duk layukan sun karkace, sun bar ƙofar gini sun nufi kusurwar da ke wajen ajiye motoci. Manajan wurin kuma gobe da safe zai zo dubawa.

Raina ya ɓaci. Na tambayi babban ma'aikacina, wanda muke kira Dogo, ko makanta ta same su gaba ɗaya. Ya ce shi dai ya faɗa, amma dattijo ya ce a yi shiru kada a kunyata ni, shi kuwa ba zai ja da mai furfura ba.

Baba ya yafito ni gefe, bayan tarin yashi, ya rage murya.

"Uwata, kibiyarki ta kauce. Kaɗan ne, ba wani abu ba. Na gyara miki, babu wanda zai sani."

Na ce wace kaucewa.

"Alƙibla mana. Kin nuna ƙofar shago. Na duba rana, na kuma tambayi mai gadi inda yake fuskanta in zai yi salla."

Faɗan da na ɗauko tun daga bakin titi sai ya bi iska. Shekara talatin, duk takardar da aka ba shi mai kibiya, abu ɗaya take nufi. Ni da nake wa mutane wa'azin aiki da lura, ban tsaya minti biyu na yi masa bayani ba.

Na durƙusa na shafa ciyawar gaba da baya, na nuna masa yadda launinta ke sauyawa, na ce nan ba salla za a yi ba, masu sayayya ne za su taka. Ya daɗe yana kallon layukan. Sannan ya goge wuƙarsa a cinya, ya naɗe ta cikin tsumma, ya ce gara ya koma gida kafin ya ɓata mini suna, aikin zamani na 'yan zamani ne.

Da zan iya cewa a bar shi haka, ba komai. Kalmar ta zo har bakina. Amma ya san aiki, zai gane tausayinsa na ji, kuma wannan ne zai zaunar da shi a gida har abada.

"Baba, ɓarewa za mu yi, duka ukun. Gam bai gama kamawa ba. Kuma kai za ka sake yankawa, don in Dogo ya yanka, manaja daga cikin mota zai hango haɗin."

Dogo ya ce shi fa yana ji, kuma yana da iyali.

Baba bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko don Mama nake faɗa. Na ce ya je ya nemo mini haɗinsa na biyu da ido, daga tsaye, in ya gani ya tafi gida. Ya taka har can, ya duba, ya dawo baya ya sake dubawa. Daga ƙarshe sai da ya sa yatsa ya lalubo.

Ya warware tsumman a hankali. Ya sa Dogo ya ɗaga bakin layin farko, ya miƙo mini kan igiyar awo ya ce in je bakin ƙofa in riƙe.

"Ja sosai, Injiniya. Duk karatun nan, igiya ma ba ki iya riƙewa ba."