Ba Basma Ba Ce

…to ashe ba Basma ba ce. Ba ita ba ce. Hikma tana ta maimaitawa a ranta, a kujerar baya ta motar haya, trotro, gwiwarta na gogar buhun albasar wata mata, mota ta kasa fita daga cunkoson kasuwar Kejetia. Su kwana a nan ma, ina ruwanta? Alhamdulillahi. Rabon da ta ja numfashi ya sauka har ciki haka…

Kwana goma sha ɗaya. Tun ranar da ta tsaya gaban aji a jami'a za ta gabatar da aikinta, harshe ya maƙale mata a kan kalma ɗaya — in'inar da ta zaci ta baro a firamare — wani ya ɗauka a waya. Daƙiƙa tara kacal. Aka sa wa abin kiɗa, aka jefa a gurup ɗin aji, daga can ya tsallaka inda ba ta sani ba. Aka laƙaba mata Hajiya Janareta. Wai tana tashi tana mutuwa. Har a layin mai waakye, shinkafa da wake, wani ya tsaya bayanta yana t-t-t…

Kuma daga hagu aka ɗauka. Layi na biyu, hagu. Wa ke zama a nan? Basma. Basma da suka tashi lungu ɗaya a unguwar Zongo, wadda tun suna makarantar allo take ɗaga mata yatsu — ɗaya, biyu, uku, ja numfashi — in magana ta sarƙe. Wa kuma za ta zarga? Ta toshe lambarta. Mma ta tambaya, ke da Basma lafiya, kwana biyu ban ji sallamarta ba? Jarrabawa ce, Mma. Ƙarya.

Sai ɗazu. Abdul-Kudus, shugaban aji, ya tare ta a ƙofar laburare, ya miƙo waya. "Hikma, kalli cikakken bidiyon, kar ki ce komai tukuna." Ba ta so. Ta kalla. Ga gefen mayafin Basma a gaban kyamara, ga hannayenta biyu — biyu! — a ɗage, yatsu na ƙirgawa. Ɗaya, biyu… Mai riƙe da waya yana bayanta. Wani yaro ne da ko sunansa Hikma ba ta riƙe ba. An yanke hannayen ne kafin a watsa.

Kuma wai Basma ce ta bi gurup-gurup tana tara shaida. Ita ta jawo mutum bakwai har ofishin shugaban sashe. Bakwai… Hikma da ta zaci ajin gaba ɗaya dariya yake. Yaron ya amsa laifinsa, an goge bidiyon, gobe zai tsaya gaban kwamiti. Gobe Hikma za ta iya shiga aji ta ƙofar gaba. Za ta iya cin abinci a zaune, ba a tsaye bayan ɗakin karatu ba. Wayyo, yunwa ma take ji, yunwa ta gaske.

Mota ta motsa. Iska ta shigo. Za ta buɗe lambar, za ta ce Basma, 'yar'uwa, ki — ki me?

Me Abdul-Kudus ya ce da zai tafi? "Ita ma ta sha nata." Ba ta tambaya ba, murna ta hana. Nata wane? Nata…

Zaratu. Ranar Talata, a masallacin mata, Hikma tana kuka ta ce wa Zaratu 'yar ajinsu, wallahi Basma ce. Wallahi ta ce. Zaratu kuwa gurup nawa take ciki, nawa ta kai wa zancen? Shi ya sa Basma ke zama ita kaɗai a layi na biyu, kujerar dama babu kowa, ta hagu babu kowa?

Kwandasta na buga ƙofa yana kiran masu sauka, Tafo, Tafo. Ta buɗe lambar. Saƙonni ba su shigo ba, ko ɗaya, waɗanda aka turo lokacin toshewa ba sa zuwa. Ba za ta taɓa sanin me Basma ta rubuta ba.

Yatsanta yana kan sunan. Idan Basma ta ɗauka, da wace kalma za a fara… kuma kalmar za ta fito?