A-kori-kurar Falalu

Misbahu bakanike bai taɓa ganin ƙimar Falalu ba, duk da ƙanwarsa Zulfa Falalun yake aure. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, Falalu ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana jigilar gero daga Kiyawa zuwa Dutse. Haɗama ta sa ya je wajen wani mai walda aka ƙara mata sifirin a baya, don ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta. Bayanta ya ɗage sama kamar tunkiya mai kiwo. Da ya ɗan taka ta sai ta kama kyarma, har haƙoransa na haɗuwa.

Ran nan ya faɗo garejin Misbahu a Yalwawa yana huci.

"Yaya, sammu ne! Isah direba ne ya yi min, don na ƙwace masa 'yan kasuwa. Wallahi gaban alƙali zan kai shi."

Misbahu ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar. Kallo ɗaya ya ishe shi. Bakin aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya kauce wa saitinsa, farfelar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya ta karkace, gaɓarta duk ta cinye. Ya yi tsaki.

"Isah ne ya ƙara maka sifirin?"

"A'a, ni ne. Amma ai ba a nan matsalar take ba."

"To malamin mota, miƙo min jak."

Albarkacin Zulfa kawai ya yi aikin. Ya kwance kusoshin, ya goge ƙarfe biyu masu kaifin baki kamar gatari, ya cusa su tsakanin sifirin da aksil, har bakin ya dawo daidai da farfela. Ya sake gaɓar, ya ɗaure komai. Falalu na tsaye a inuwa yana cin gyaɗa, yana ba shi shawara.

Suka hau titin Limawa gwaji, Falalu na tuƙi. Mota ta tafi lafiya lau, ko gezau. Falalu ya washe baki.

"Ka gani, Yaya? Tun jiya na sa aka yi mata tofi. Sai yanzu ya kama."

Misbahu ya dube shi tun daga hula har silifa.

"Tsaya nan."

Ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali, ya koma gareji da ƙafa cikin rana.