Su Biyu a Kabarin Idirisa Soja

Ina riƙe da salula a kunnen Baba Idirisa har hannuna ya sage, shi kuwa ɗansa Chaibu daga can Jiratawa magana ɗaya yake ta nanatawa: muddin ƙanensa Maliki na cikin gidan, shi ba zai tako ba. Tsohon ba shi da ƙarfin musu. Ya lumshe ido ya ce, "To, Allah shi yi ma albarka," ya juya fuska wajen bango. Na kashe wayar. Allah Ya sani, da Chaibu na kusa da na kwaɗa masa ita a goshi, duk da gemunsa da karatunsa.

Ni Tanimu tela ne, shagona na jikin zauren gidansu a Sabon Gari, shekara ashirin da shida ke nan. An san ni da saurin fushi, ban musa ba. Baba Idirisa kuwa Soja ake kiransa, don yana saurayi ya kasance a Najeriya, ya shiga soja lokacin yaƙin Biyafara. Duk zamanmu bai taɓa ba ni labarin yaƙin nan ba. In yara sun tambaye shi mutum nawa ya kashe, sai ya aike su sayen goro.

'Ya'yansa maza biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, uwar ta daɗe da rasuwa. Chaibu babba malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Maliki na sayar da kayan babur. Siyasa ta shiga tsakaninsu, kuma kada wani ya ce mini ɗaya ya fi ɗaya gaskiya, don duk a gabana aka yi. Lokacin da jam'iyyar Chaibu ke kan mulki, hancinsa sama yake. Ranar sunan ɗan Maliki ya ƙi zama a rumfa, wai ta cika da 'yan adawa, ya kira ƙanensa jahili a gaban baƙi. Da sojoji suka karɓi mulki sai reshe ya juye da mujiya. Maliki ya ɗaura tuta a babur, ya zama babba cikin matasan da ke sa ido a unguwa. Chaibu ya yi wata magana a waya ta yaɗu, jami'an tsaro suka zo nemansa da mota. Masu motar ba su san gidan ba. Maliki ne ya tashi daga fadarsu ta shan shayi, kofi a hannu, ya nuna musu ƙofar. Kwana goma sha tara Chaibu ya yi a tsare, ranar da ya fito ya kwashe iyalinsa ya koma Jiratawa.

Fadar nan ƙarƙashin tagar ɗakin tsohon take. Mutum na kwance ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar, su kuwa suna ta kaɗa shayi suna lissafa maciya amanar ƙasa layi layi. Na yi musu magana har na gaji, kamar ana zuba ruwa a kwando. Ran Talata da la'asar wani cikinsu ya ɗaga murya ya ce in yaƙi ne ma a yi shi, a share ƙasar a huta. Ban gama zare ƙafa daga keken ɗinki ba sai ga Fadila, matar Maliki, ita ke jinyar tsohon. Ta ce Baba na kirana, ni da mijinta.

Muka same shi ya sa an jingina shi da bango. Ban taɓa ganin fushi a fuskarsa kamar ranar ba. Ya dubi Maliki ya ce, "Wa ya ce a yi yaƙi cikinku? Ya taɓa jin warinshi?"

Maliki ya ce zancen yara ne kawai. Tsohon ya ce shi ma zancen yara ya fara ji, a Kano, yana da shekara sha takwas. Sannan ya ba mu labarin da ya riƙe kusan shekara sittin. Yana aiki a shagon wani Ibo mai sayar da kayan keke, ana ce masa Obiyora. Mutumin ya koya masa ɗaurin waya, matarsa na zuba masa abinci kwano ɗaya da 'ya'yanta. Sai gari ya fara ɗaukar zafi. Tun ba a ji ƙarar bindiga ba aka daina gaisawa, aka daina zuwa sunan juna, kowa ya koma sauraron rediyon da ke faɗa masa abin da yake so. Ranar da abin ya ɓarke, wasu suka tare shi da sanduna suna tambayar gidan ubangidansa.

"Ban bugi kowa ba," in ji shi. "Ban ɗauki ko tsinke ba. Ƙohwa kawai na nuna. Bayan nan na shiga soja, shekara ukku ina harbi cikin daji, ban san su wa na samu ba, kuma ba su ka zo min in na kwanta ba. Ƙohwar nan ita ka zo min."

Daga waje ana jin ƙarar cokali a kofi. Na zaci Maliki zai sunkuyar da kai. Ina! Gyara zama ya yi, ya ce wancan daban wannan daban, wancan faɗan ƙabila ne, wannan kuwa kishin ƙasa ne, kuma ai ba a kashe Chaibu ba.

Tsohon ya ce, "Mu ma kishin ƙasa muka ce, Maliki. Su ma shi suka ce."

Ya huta, ya sha ruwa kurɓi ɗaya. Sannan ya ce tun da sun ƙi haɗuwa a kansa yana da rai, abu ɗaya yake so: a kai shi Tsibiri kusa da kabarin mahaifinsa, kuma su biyu su shiga rami su karɓe shi, ba wani ba. Ya ce, "Tanimu, kai ne shaida." Na amsa, ban san irin kayan da na ɗauka ba.

Washegari na rufe shago na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Na sami Chaibu a lambun surukinsa yana ban ruwan tattasai. Na kwashe labarin duka na faɗa masa, ina tsammanin ƙwalla. Sai na ga idonsa ya yi haske kamar wanda ya ci shari'a. Ya ce in maimaita daidai yadda Baba ya faɗi zancen ƙofa, zai ɗauka a waya ya tura wa mutane, su ji uban Maliki da bakinsa ya kwatanta shi da masu kisa. Nan na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce ubanka ya tone cikinsa a bakin mutuwa, kai kuma ka ga makami. Na tuna masa ranar suna, na ce ba Maliki ya fara ba, ƙarasawa ya yi. Muka yi baram-baram, har masu lambun maƙwabta suka leƙo. Ina hawa babur ya ce zai duba, watakila gobe.

Goben ta zo, shi bai zo da wuri ba. Baba Idirisa ya cika da hantsi, Fadila na riƙe da kansa, ni ina maimaita masa kalmar shahada. Maliki ya tafi buɗe shago. Chaibu ya iso muna cikin wankan gawa, ya tsaya a tsakar gida yana kuka kamar yaro. Ban tausaya masa ba, gaskiya ita ce ban ko dube shi sau biyu ba. Likkafanin ni na ɗinka.

Bayan azahar aka sallace shi aka nufi Tsibiri, mota biyu, kowane ɗa da mutanensa. A maƙabarta ma haka suka tsaya, 'yan fadar Maliki ta gabas, abokan Chaibu ta yamma, ramin a tsakani. Dattawan Tsibiri sai kallon ikon Allah suke. Da liman ya ce a shiga a karɓa, wasu biyu cikin dangi suka fara naɗe hannun riga. Na tare su, na faɗi wasiyyar da ƙarfi yadda kowa zai ji, na kira sunayen 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ba hanyar gudu, suka sauka.

Rami ba shi da faɗin da za a yi gaba a cikinsa. Kafaɗa na gogar kafaɗa suka karɓi ubansu, Chaibu ta kai, Maliki ta ƙafa. Suka kwantar da shi bisa dama, suka kwance ɗaurin, aka miƙa musu itace suna jerawa. Maliki ya sa wani a karkace, Chaibu ya gyara, Maliki ya danne masa gefen ba tare da an ce ya yi ba. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, tsoho ya san abin da yake yi.

Ƙasar wurin rairayi ce, ramin kuma ya yi zurfi. In ka dafa baki don ka fito, sai ya rufta kan mamaci, don haka sai na sama ya ba ka hannu. Mutanen Maliki suka fizge shi ya fito. Chaibu ya ɗago, wanda ke tsaye daidai kansa ƙanensa ne, sai Chaibu ya miƙa masa hannu duk ƙasa. Maliki ya fara sunkuyawa. Sai ya hangi ɗaya cikin 'yan fadarsu ya ɗaga salula yana ɗauka. Ya tsaya a haka, rabi sunkuye, yana duban wayar. Bai fi ƙiftawar ido uku ba. Kafin ya ƙarasa miƙo nasa, Chaibu ya janye hannu ya juya baya, yana neman mutanensa ta yamma.

Ni na jawo shi, kuma da ƙarfin da na sa har sai da ya yi tuntuɓe. Aka tura ƙasa, aka yi addu'a, aka shafa. Motar farko ta tashi, ta biyu ta jira ta yi nisa sannan ta bi. Kowacce ta zaci ina cikin ɗayar.

Aka bar ni da wani tsohon Batsibiri mai haƙan kabari, yana tattara magirbi da shebur. Ya miƙo mini bokitin ruwan da ya rage, ya ce in ƙarasa yayyafawa. Na fara daga wajen kai, ina tafiya a hankali zuwa ƙafa. Kafin in kai ƙarshe, rairayin ya shanye na farkon.