Yadda Akuya Ta Bambanta Ni da Farfesa Barau

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma ban ga laifinsa ba, ni na jawo wa kaina. Shekara bakwai ke nan ina digiri na uku a kan injinan da ba su da ƙarfe ko waya. A takarda kawai suke, da'irori da kibiyoyi. Injin yana karanta kalma harafi bayan harafi, kowane harafi ya tura shi daga wannan da'ira zuwa waccan. In haruffan suka ƙare yana cikin da'ira mai zobe biyu, ya karɓi kalmar, in ba haka ba ya ƙi ta. Mahaifiyata har yau kanikanci take gaya wa mutane ina koyo. Ranar Litinin zan tsaya gaban kwamiti in nuna abu ɗaya sabo a aikina wanda babu shi a aikin malamina, Farfesa Barau. In na kasa an rufe fayil ɗina, don ƙarin wa'adin da aka yi mini shi ne na ƙarshe.

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Kowane gida da'ira ne, kowane titi kibiya, ba mai juyawa baya. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, mutane sun kifa lema ƙarƙashin ƙafafunsu suna tafiyarsu. Ni kaɗai wandona ya jiƙe. Na tambayi wata mai awara hanyar tasha.

"Da wane harafi ka zo?" ta ce.

Na laluba aljihu, na zaro wata 'yar "b" duk ta yamutse.

"Ayya. Ai wannan, ofis take kai mutum."

Sai kawai na gan ni a Ofishin Rage Cunkoso. Shugabar ofishin akuya ce, ja, da tabarau, tana taunar kusurwar wani fayil. Nawa ne, na gane tabon manjan da ke bangonsa.

"Malam Nafi'u," ta ce, "garin nan ya cika. Dokarmu ita ce, mutum biyun da duk abin da aka tambaye su amsa ɗaya suke bayarwa, mutum ɗaya ne. Sai mu haɗe su, mu bar guda."

Na san dokar sarai. Da ita muke rage girman inji, duk shekara ina koya wa ɗalibai ita suna hamma. Har na gyaɗa kai, ina jin daɗin yau ga inda ilimina ya yi rana.

"Da wa za a haɗe ni, ranki ya daɗe?"

Ta nuna benci da ƙaho. Farfesa Barau ne zaune yana ɓarar gyaɗa.

"In an haɗe mu, wa za a bari?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da taunar fayil ɗin. Daga baya ta ce nan da la'asar, in aka samu tambaya ɗaya tak da amsarmu ta bambanta, na tsira.

Magatakardan ofishin, wani bunsuru mai biro a bayan kunne, ya jera mu ya fara karanto tambayoyi. Wace matsala ce mafi girma a fanninku? Muka amsa tare, har tarin da Farfesa yake yi kafin ya fara magana na yi. Wane misali kuke ba ɗalibai? Iri ɗaya. In hujja ta cije muku a tsakiya, me kuke rubutawa? Mu duka muka ce, "Sauran a bayyane yake." Sukari cokali nawa a shayi? Na yi dabara na yi ƙarya, na ce biyar. Farfesa ma ya ce biyar, ya kashe mini ido.

Can na ji gwiwata ta hagu tana ciwo, alhali shi ne mai ciwon gwiwa. Na shafa gemu na ji ya yi tsawo, na duba hannuna na ga ɓawon gyaɗa. Nan tsoro ya kama ni na gaske. Shekara bakwai ina zaton tafiya nake yi, ashe sawunsa nake takawa ɗaya bayan ɗaya, har da inda ya yi tuntuɓe.

"Tambayoyi sun ƙare," in ji bunsuru.

Akuyar ta sunkuya tana neman hatimi a durowa. Ofis ya yi tsit. Farfesa ya naɗe hannu ya jingina da bango, hankalinsa kwance, sai a lokacin na lura bencinsa cikin zobe biyu yake. Ni kuwa shirun ya fi ƙarfina.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri," na ji bakina yana cewa. "Wallahi babi na huɗu ya kusa. Rashin wuta ne, ga azuzuwan da aka jibga mini, sannan yarinyar wajena ta yi zazzaɓi, a yi haƙuri..."

Ta ɗago kai. "Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

Bunsuru ya yi tsalle har biron ya faɗi. "Kalmar da ba ta da harafi ko ɗaya, wato shiru, ranki ya daɗe! Ba mu gwada ta ba!"

"Ita ce a shafin farko na tambayoyin," ta ce. "Na karya kumallo da shi."

Kunya ta rufe ni. Duk ɗalibin da ya manta da wannan kalmar a jarrabawa, maki biyar nake zaftare masa, har in zagaye wurin da jan biro.

"To an samu," in ji akuyar. "Shi in ba a ce komai ba, ya gama. Kai in ba a ce komai ba, haƙuri kake bayarwa. Ba za a haɗe ku ba. Dama garin yana bukatar inda ake tsayawa ba a karɓi mutum ba."

Farfesa ya dafa kafaɗata. "Ka gani, Nafi'u? Na ce maka in ka daure za ka samo abin da yake naka."

Abin takaicin shi ne murna na yi. Har da hawaye. Ta ɗaga hatimi ta buga a fayil ɗin, ta sake bugawa, ta shiga kankare takardar da kofato.

Na buɗe ido. Matata Sa'adiyya ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya. Ta leƙo da cokali a hannu.

"Baban Ikram, tun ɗazu kake ta ba da haƙuri. Wa ka yi wa laifi?"

Na ce ba kowa.

"To adana sauran," ta ce. "Litinin na zuwa."